Tsara Fuskar Na'urorin Hannu Domin 'Yan Kasuwa: Darasi Daga Ƙasar Yauri

1.0 GABATARWA



Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayani a kan yadda ya kamata a tsara fuskar na'urorin hannu waɗanda ake harkar ciniki da su, watau wayar salula da na'urar karɓar kuɗi wadda aka fi sani da POS, ta yadda ɗan kasuwa zai iya aiki da su ba tare da ya yi asara ba, kuma ba tare da ya nemi wanda zai karanta masa ba. Na ɗauki misalaina daga ƙasar Yauri, domin a can ne abubuwan da ke wahalar da mai tsara irin wannan na'ura suka taru wuri guda: ga ruwa, ga rana, ga harsuna barkatai, ga kuma ciniki na kuɗi masu yawa a hannun mutanen da ba su yi nisa a karatun boko ba.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu ya faru ne a watan Fabrairu na 2023, lokacin da aka yi ƙarancin takardun kuɗi. Ina tsaye a wata rumfa a Yelwa, sai ga wani dattijo dillalin kifi yana son ya tura wa masuncin da ya kawo masa kaya naira dubu goma sha biyar. Ya danna lambobin da kansa, ya miƙa wa wani yaro wayar ya ce ya duba masa. Yaron ya ƙirga sifirin da yatsa, ya ce, “Baba, ai dubu ɗari da hamsin ka rubuta.” Abin da ke bisa wayar shi ne 150000, ba waƙafi, ba wata alama. Dattijon nan ya shekara talatin yana lissafin kwandunan kifi da ka, bai taɓa ɓata ba. Saboda haka tambayar da na yi wa kaina ita ce, laifin wa ke nan? Amsar da wannan takarda za ta kare ita ce, laifin wanda ya tsara wurin rubuta kuɗin ne.

2.0 MA'ANAR KALMOMI

Kafin mu yi nisa, ya kyautu mu daidaita a kan kalmomi uku da za su riƙa fitowa.

Manhaja ita ce jerin umarnin da aka shirya wa na'ura domin ta yi wani aiki, kamar tura kuɗi ko ajiye lissafin bashi.

Fuska kuwa, a wannan takarda, ita ce duk inda mutum da na'ura suke haɗuwa. Ta ƙunshi gilashin da ake kallo, da madannai, da kalmomi, da hotuna, da launi, da ƙarar da na'ura ke yi, har da rasit ɗin da take fitarwa. Mai ciniki bai san abin da ke cikin na'ura ba, kuma ba ruwansa da shi. Fuskar ita ce na'urar a wurinsa.

Ta uku ita ce sauƙin sarrafawa. Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, watau ISO, ta ba da ma'anarsa a 1998 bisa ginshiƙai uku: mutum ya cim ma abin da ya nufa daidai, ya cim masa ba tare da ɓata lokaci da ƙarfi ba, sa'an nan ya gamsu da yadda aikin ya gudana. Ma'anar ta ƙara da wani sharaɗi muhimmi, cewa ana auna waɗannan abubuwa ne ga wasu mutane sanannu, a kan wani aiki sananne, a wani yanayi sananne. Ke nan na'urar da take da sauƙi ga akawu a ofis mai sanyi a Legas tana iya zama ƙarfen ƙafa ga mai sayen kifi a bakin ruwan Wara. Wani masani ɗan Amurka, Donald Norman, ya gina littafinsa na 1988 a kan wannan ra'ayi, cewa idan mutane da yawa suna tafka kuskure iri ɗaya a kan abu ɗaya, to, tsarin abin ya kamata a tuhuma.

3.0 ƘASAR YAURI DA KASUWANCINTA

Masarautar Yauri tana kudancin Jihar Kebbi, jihar da aka ƙirƙiro a 1991, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku: Yauri mai hedikwata a Yelwa, da Ngaski mai hedikwata a Wara, da Shanga. Kogin Kwara ya ratsa ƙasar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, sai ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya cinye gungaye da ƙauyuka da dama, har aka sake wa mutane sama da 40,000 matsuguni.

Arzikin ƙasar ya dogara ne bisa su da noma da fatauci. Ana kama ƙarfasa da tarwaɗa da giwan ruwa da kurungu, da kuma ƙananan kifin nan da ake kira warangi. Wani a sayar da shi ɗanye, wani a yi bandarsa a ɗure a kwali ko kwando a kai shi garuruwa masu nisa. Gungawa sun shahara da noman albasa, ga kuma shinkafa da masara da wake da gyaɗa. Fatake daga Kudu da Arewa suna sauka Yelwa domin sayen waɗannan kaya.

Ta fuskar harshe, akwai Gungawa masu harshen Reshe, da Kambari, da Shangawa, da Lopawa, da Dukkawa, da Fulani, da Sarkawa masunta, da Hausawa. Hausa ita ce harshen ciniki da ya haɗa su, amma ga mutane da yawa harshe na biyu ce.

Abubuwa huɗu suka fito daga wannan bayani waɗanda suka shafi mai tsara na'ura. Na farko, kifi ɗanye ba ya jira, saboda haka ciniki na gaggawa ne. Na biyu, a fili ake yinsa, cikin rana da ruwa da hayaƙi. Na uku, mafi yawansa bisa bashi da amana yake tafiya. Na huɗu, mai saye da mai sayarwa sau da yawa ba harshen uwa ɗaya gare su ba.

4.0 YADDA NA'URAR HANNU TA SHIGA KASUWA

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a watan Agusta na 2001. Amfaninta na farko ga ɗan kasuwa shi ne jin farashi kafin ya ɗauki kaya. Binciken Robert Jensen a kan masuntan Kerala ta ƙasar Indiya, wanda aka buga a 2007, ya nuna cewa shigowar waya ta kusan kawar da asarar kifin da ke rasa mai saye, ribar masunta ta ƙaru da kimanin kashi 8 cikin 100, farashi kuma ya sauka ga masu saye da kimanin kashi 4. Haka nan Jenny Aker ta nuna a 2010 cewa a kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar, tsakanin 2001 da 2006, waya ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16. Abin lura a nan shi ne, duk wannan amfani da magana aka same shi. Kiran waya bai buƙaci karatu ba, ya buƙaci sanin lambobi ne kawai.

Da kuɗi suka shiga waya sai al'amarin ya sauya. Kenya ta fara M-Pesa a 2007. A Nijeriya, Babban Banki ya soma gwada tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki a 2013, sa'an nan aka ƙaddamar da lambar BVN a 2014. Daga nan masu POS suka bazu har ƙauyuka, bankuna kuma suka fito da gajerun lambobin USSD, irin waɗanda ake farawa da alamar tauraro, domin masu ƙananan wayoyi.

Sauyin takardun naira 200 da 500 da 1,000, wanda aka sanar a Oktoba 2022, shi ya kai abin maƙura. A farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. A cikin waɗannan makonni, wanda bai taɓa tunanin tura kuɗi ta waya ba dole ta sa ya koya, in ba haka ba kayansa su lalace a hannunsa. Tsabar kuɗi ta dawo daga baya, amma al'adar taransifa ta zauna. Ke nan fuskar na'ura ta zama ƙofar kasuwa, wanda ya kasa shiga ta cikinta kuwa sai ya biya wani ya shiga a madadinsa.

5.0 ƘA'IDOJIN TSARA FUSKA

5.1 Yanayin wurin aiki

Gilashin waya mai taɓawa yana gane yatsa ne ta hanyar ɗan sauyin lantarki da fatar mutum ke jawowa. Ruwa ma yana jawo irin wannan sauyi, shi ya sa jiƙaƙƙen yatsa ko ɗigon ruwa ke rikita shi. Mai cinikin kifi hannunsa ba ya rabuwa da ruwa da santsi. Saboda haka na'ura mai madannai na zahiri ta fi dacewa da bakin ruwa. Inda kuwa ba makawa sai gilashi, to, a girmama wuraren dannawa. Paul Fitts ya nuna tun 1954 cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abu ya danganta ne ga nisan abin da kuma girmansa. Bisa wannan ne Google ya ba da shawarar kada wurin dannawa ya gaza kimanin milimita 9. Wannan mafi ƙaranci ke nan, ga mutumin da ke zaune. Wanda ke tsaye cikin kwalekwale, hannu ɗaya riƙe da igiya, yana buƙatar fiye da haka.

Rana kuma tana dusashe rubutu. Rubutu mai ruwan toka bisa fari yana da kyan gani a ɗaki, amma a tsakar rana ɓacewa yake yi. Baƙi mai kauri bisa fari shi ne abin dogara. Har ila yau, takardar rasit ta POS da zafi ake buga ta, zafi kuma ke goge ta. Rasit ɗin da ya kwana biyu a aljihu kusa da wutar banda ya tashi daga shaida. Ya wajaba ke nan a iya sake fito da kowane ciniki daga cikin na'ura cikin sauƙi.

5.2 Harshe da rubutu

Fassara fuska zuwa Hausa ba ta wadatar ba idan da ƙamus kaɗai aka yi ta. Kalmar da Bature ke nufin ragowar kuɗi da ita, ita ce kuma yake kiran ma'auni da ita, mai fassarar da bai san kasuwa ba sai ya rubuta “duba ma'auni”. Abin da ɗan kasuwa ke faɗi shi ne “nawa ya rage”. Haka kuma “na yarda” da “na fasa” sun fi kusa da bakinsa bisa ga “tabbatar” da “soke”. Tun da Hausa harshe na biyu ce ga da yawa daga mutanen Yauri, gajerun kalmomin kasuwa su ne za su isa ga kowa.

Akwai kuma matsalar haruffa masu ƙugiya. Jerin haruffan da aka gina saƙon tes na GSM a kansu ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Idan aka sa ɗaya daga cikinsu, saƙon da ke ɗaukar haruffa 160 sai ya koma 70. Shi ya sa ake zubar da ƙugiya. To, amma dubi “kudin ya bata”. Kuɗin ne ya ɓata, ko kuwa kuɗin ne ya ba ta? Mai tsara saƙo sai ya zaɓi kalmomin da ma'anarsu ba ta rataya ga ƙugiya ba.

Takardar naira kanta malama ce a nan. Tana faɗin darajarta ta hanyoyi da yawa a lokaci guda: launi, da hoton mutum, da lamba, da kalmomi, sa'an nan a kan 200 da 500 da 1,000 har da ajami. Wanda bai iya ɗaya ba ya iya ɗaya, shi ya sa ake kiran naira ashirin Murtala. Binciken da Indrani Medhi da abokan aikinta suka fara a Bangalore wajen 2006 ya tabbatar da haka ga na'ura: marasa karatu sun kasa kammala aiki da fuska mai rubutu zalla, amma sun fi samun nasara da zane da murya, kuma mafi yawansu suna gane lambobi. A haɗa boko da ajami da zane da murya, kowa ya ɗauki wanda ya iya.

5.3 Lissafi da awo

Mu koma ga dattijon da muka fara da shi. Abubuwa uku za su hana abin da ya so faruwa. A sa waƙafi tun ana cikin dannawa, ya zama 15,000 ya bambanta da 150,000 ga ido. A cire sifiri biyu na kwabo, tun da kwabo ya daina aiki a kasuwa, kuma 1,500.00 yana kama da dubu ɗari da hamsin ga wanda ke ƙirga sifiri. Sa'an nan a rubuta adadin da kalmomi, na'ura kuma ta faɗe shi da murya.

Sai dai a nan ma akwai tarko, wanda malaman Hausa ne za su fi gane shi. “Dubu ɗari da hamsin” tana iya zama 150,000, tana kuma iya zama 100,050. A baka yanayin ciniki ke warware wannan. Na'ura kuwa dole ta ce “dubu ɗari da dubu hamsin” ko “dubu ɗari da naira hamsin”. Bugu da ƙari, tun da aka bar fam aka koma naira a 1973, tsohon lissafi bai mutu ba, domin akwai dattawan da jaka a wurinsu naira 200 ce, watau fam ɗari. Baƙon da ya zo daga Nijar kuwa jaka a wurinsa sefa 1,000 ce, ɗari kuma sefa 500, saboda da dala yake ƙirga. Manhajar da ke karɓar umarni da murya, in ba ta san wannan ba, za ta haɗa faɗa.

Daɗin daɗawa, jerin lambobi a kan waya yana farawa da 1, 2, 3 daga sama, na kalkuleta kuwa da 7, 8, 9. Ɗan kasuwar da ke tsalle tsakanin su biyun, yatsansa na iya zuwa inda ya saba. Kada manhaja ɗaya ta haɗa jeri biyu. Game da awo kuma, manhajar lissafin kaya da ta san kilo kaɗai ba ta da amfani ga mai sayar da albasa a buhu, da kifi a kwando ko kwali ko daro, da hatsi a mudu da tiya.

5.4 Gajarta hanya

George Miller ya nuna a 1956 cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ka a lokaci guda bai wuce bakwai ba, ko a ƙara biyu ko a rage biyu. Lambar asusun banki guda 10 ce, ta waya 11, ta BVN 11. Duk sun zarce wannan iyaka. Maganin shi ne a rarraba su kashi-kashi, uku, uku, huɗu, kamar yadda mutane ke yi in suna faɗa wa juna lamba. Wanda aka saba tura wa kuɗi kuma a ajiye shi da suna da hoto, domin gane fuska ya fi tuna lamba sauƙi.

A tsarin USSD gajarta hanya ta zama maganar kuɗi. Shafi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da haruffa 182, kuma in mutum ya yi jinkiri sai layin ya yanke. A 2021 aka ƙayyade naira 6.98 a matsayin kuɗin wannan hidima, a 2025 kuma aka koma cire shi daga katin wayar mutum bisa kowace daƙiƙa 120. Ma'anar wannan ita ce, mai karatu a hankali shi ya fi biya, alhali shi ne mai ƙaramin ƙarfi. Saboda haka aikin da aka fi yi, watau tura kuɗi da duba saura, shi ya kamata ya zo a farko, kuma lambar kowane zaɓi ta tsaya inda take. Mutane da yawa haddace jerin suke yi, ɗaya, biyu, ɗaya. Ranar da aka cusa talla a gurbin lamba ɗaya, an rushe musu hadda.

5.5 Rigakafin kuskure

Rigakafi ya fi magani, musamman a harkar da in kuɗi suka tafi dawo da su sai an yi zarya. Kafin a nemi lambar sirri, a nuna shafi guda mai abu biyu kawai da manyan haruffa: sunan wanda za a tura wa, da adadin kuɗin. “Na yarda” da “na fasa” su yi nesa da juna, su kuma bambanta a siffa da launi, tun da akwai mutanen da ba sa rarrabe ja da kore. Idan adadin ya ninka abin da mutum ya saba turawa sau goma, na'ura ta sake tambayarsa. Wannan tambaya ɗaya da ta ishi dattijonmu ko ba yaron nan.

5.6 Sanar da halin da ake ciki

Ta farko cikin ƙa'idoji goma da Jakob Nielsen ya jera a 1994 ita ce na'ura ta riƙa sanar da mutum halin da take ciki. A bakin tafki sabis yana zuwa yana ɗaukewa, cajin waya kuma abin tattali ne. Ciniki yana da hali uku: ya tafi, bai tafi ba, ko ana jira. Na ukun ne ke jawo rigima, domin an cire kuɗi a nan, ba su isa can ba. Mai saye ya ce ya biya, mai kifi ya ce bai ga alat ba, jirgi kuwa yana shirin tashi. In fuska ba ta faɗi gaskiyar halin ba, sai mutum ya sake turawa, ya biya sau biyu. Abin da ya kamata ta ce shi ne, “Ana jira. Kada ka sake turawa.” In kuma cinikin ya faɗi, ta faɗi ranar da za a sa ran dawowar kuɗin, tun da Babban Banki ya ƙayyade awa 72 a 2020 domin warware cinikin POS da ya maƙale. Lambobin kuskure irin waɗanda ma'aikacin banki kaɗai ke ganewa ba su da gurbi a gaban mai ciniki.

Manhajar ajiye lissafi kuma lalle ta iya aiki ba sabis, ta adana abin da aka rubuta har lokacin da ya dawo.

5.7 Amana da sirri

A ƙasar Yauri, kamar sauran wuraren su, dillali kan ba masunci kuɗin taru ko man inji, shi kuma ya biya da kifi sannu a hankali. Akwai kafin alƙalami, da la'ada, da ragi, da gyara, da adashi. Manhajar da ta ɗauka cewa kowane ciniki biya ne nan take, ta bar rabin kasuwa a waje. A ba bashi gurbinsa, kuma duk abin da aka rubuta, ɓangarorin biyu su sami shaidarsa.

Game da lambar sirri kuwa, abin da ake gani kullum shi ne mutum ya faɗa wa mai POS ita da baki a gaban jama'a, saboda madannan sun yi masa ƙanana ko yana tsoron ya yi kuskure a toshe masa kati. Manyan madannai da ɗan murfi a gefe za su rage wannan. Hoton yatsa yana taimakawa, sai dai jan taru da riƙon fartanya suna cinye zanen yatsa, saboda haka kada a dogara gare shi shi kaɗai.

6.0 GWAJI

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Duk waɗannan ƙa'idoji ba za su maye gurbin zuwa kasuwa ba. Nielsen ya nuna cewa gwaji da mutum biyar yana fito da kimanin kashi 85 cikin 100 na matsalolin fuska, muddin su biyar ɗin irin waɗanda za su yi aiki da ita ne. Tun da masu aikin iri-iri ne, sai a ɗauki biyar daga kowane rukuni: masunta, da dillalai, da masu POS, da mata masu banda da masu sana'a a cikin gida. Wurin mata kuwa mace ya kamata a tura.

Ba sai an gina manhaja ba kafin a gwada. A zana shafukan a kan kwali, a ba mutum aiki sananne, a ce masa, “Tura wa wane dubu goma sha biyar,” sa'an nan a yi shiru a kalli inda yatsansa ya tsaya. A rubuta abu uku: ko ya kammala, tsawon lokacin da ya ɗauka, da inda ya kuskure. Tambayar “ka gane?” ba ta da amfani, domin kunya da kara za su sa dattijo ya ce ya gane ko da bai gane ba. Kuma a yi gwajin a bakin ruwa da rana tsaka, inda za a yi aikin.

7.0 AIKIN DA KE GABANMU

Wani zai ce ai kamfanonin da ke gina waɗannan manhajoji suna Legas ko ƙasashen waje, mene ne namu a ciki? Namu shi ne abin da ba su da shi, watau sanin harshe da sanin mutane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina ba da shawarwari huɗu.

Na farko, sassan Hausa da na kwamfuta da na ilmin kasuwanci a kwalejojin ilmi su haɗa hannu su tattara kalmomin ciniki da na awo daga bakin 'yan kasuwa, kamar yadda aka tattara na nazari a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi a 1990. Na biyu, a daidaita yadda na'ura za ta faɗi adadin kuɗi da Hausa ba tare da harshen damo ba. Na uku, a sa gwajin fuska cikin ayyukan ɗalibai na ƙarshen karatu, su yi shi a kasuwannin garuruwansu. Na huɗu, azuzuwan yaƙi da jahilci su koyar da karanta manyan lambobi da karanta alat, tun da yanzu sun zama karatun yau da kullum.

8.0 KAMMALAWA

A taƙaice, mun ga cewa na'urar hannu ta shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa a ƙasar Yauri, kuma fuskarta ce ke yanke wanda zai yi cinikinsa da kansa da wanda zai dogara ga wani. Mun kawo ƙa'idoji bakwai da suka shafi wurin aiki, da harshe, da lissafi, da gajarta hanya, da rigakafin kuskure, da sanar da hali, da amana, muka kuma nuna yadda ake gwada su da kuɗi kaɗan. Ma'aunin da nake roƙon mu riƙe shi ne dattijon nan na Yelwa: ranar da zai tura dubu goma sha biyar ɗinsa, ya tabbata sun isa, ba tare da ya miƙa wa kowa wayarsa ba, to, an tsara fuskar daidai.

Ina fatan malamai za su gyara mini inda na kuskure, su kuma faɗaɗa inda na taƙaita.